Turmin Inna da Bokitin Madina

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar turmin nan ba, gurrr, gurrr, ana mirgina shi a tsakar gida. Duk abin da ya same ni a Madina daga wannan ƙarar ya faro.

Ina ɗakin Inna a Toranke ina ninke kayan yara, saura kwana uku in tashi Umara. An ba da hutun ƙarshen shekara, na kawo Hanifa da ƙaninta su zauna wurin kakarsu, tunda babansu yana Gaya wajen aiki, kuma ko shayi bai iya haɗawa ba. Da na leƙo sai na ga Inna ta sunkuya tana tura turmi tana nishi. Tsohuwar da sai ta dafa bango take miƙewa daga sallah.

Sai na yi muku bayani tukuna. A gidanmu sabis wuri ɗaya yake zama, wata kusurwa tsakanin rumbu da katangar gabas. A nan ɗin ma ba a ƙasa ba. Sai an kife turmi an hau, an fuskanci Ajingi, sannan waya ta yarda ta yi magana. Kuma ni ce na gano wurin, shekarun baya, ranar da na zagaye gidan kaf da waya a sama kamar mai neman jinjirin wata. Tun daga lokacin har maƙwabta sallama suke yi su shigo su hau. (Ban taɓa faɗa da baki ba, amma a raina ina ganin idan ana lissafin masana waya a Toranke, to a sa da ni.)

Na ce, "Inna, wa za ki kira?"

Ta ce, "Ba kowa. Gwaji nake. In kin tafi ai nan zan riƙa tsayawa."

Na ce ta rufa min asiri, ƙafar nan tata ba ta hawa ba ce. Ta zauna a kan turmin tana mayar da numfashi, ta dube ni.

"'Yar nan, ubanki ya rasu bai je ba. Ni kuma ga ƙafa. Ke ce idona. Kullum in na idar da Azahar zan hau nan, ki kira ni in ji muryarki daga garin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. Ko sallama ce kawai."

Me zan ce? Na yi alkawari, hawaye na zuba a kan rigar yaron da ke hannuna. Na bar mata tsohuwar babbar wayata, na koya wa Hanifa, mai shekara tara, yadda ake ɗaga kiran da ake yi da data, na ja mata kunne ta riƙa riƙe turmin da hannu biyu. Duk wanda ya san Inna ya san in ta ce za ta tsaya, to za ta tsaya, ko da rana za ta faɗi a kanta.

Washegari na shiga kasuwar Gaya wurin wani mai shagon waya, na ce ya saka min data wadda za ta yi aiki a ƙasar waje. Mutumin kirki, ya saka. Yana miƙo min wayar ya fara cewa, "Hajiya, in kin sauka, akwai wani ɗan makunni a cikin saiti, sai kin..."

Na ce, "Na sani, na sani."

Ban sani ba. Hankalina yana kan yajin da na bari a niƙa, da kukar da ban tankaɗe ba. Sannan akwai wata murya a cikina da ke cewa, ke da kika gama sakandare, har sai an koya miki kunna waya? Wannan muryar ita ce ta raka ni har Madina, kuma ba ta biya kuɗin kujera ba.

Tafiyar ta ayari ce, yawanci mata daga Gaya da Ajingi, da wani malami da ke jagorantarmu, shi da matarsa. Kowa Malam yake ce masa, ita kuma Malama. A filin jirgin Kano Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana karɓar wayoyi, ta danna wasu abubuwa, ta tura mana takardun tafiya, ta mayar. Na ga ta yi, ban tambayi me ta danna ba. A nan kuma aka haɗa ni da tsofaffi biyu da za mu zauna ɗaki ɗaya, Gwaggo Ladi daga Ajingi, mai baki kamar reza, da Iya Abu daga Gaya, wadda jikokinta suka saya wa babbar waya, ta ƙulle ta a haɓar zani kamar goro.

Muka sauka Madina cikin wani sanyi mai shiga ƙashi. Malam ya tsaya ya ce duk mai son layin waya na ƙasar ya kawo fasfo a bi layi. Layin kuwa ya yi tsawo, ga ƙafafun tsofaffina sun kumbura saboda zaman jirgi. Sai na ɗaga murya, a gaban kowa, na ce, "Malam, ni a shirye na zo tun daga gida. Su Gwaggo ma a bar su su huta, sa riƙa kira da tawa."

Malam ya ce, "Madalla da Maman Hanifa."

Wannan madallar ta yi min daɗi. Da na san abin da ke gaba da na mayar masa da abarsa.

Tsakaninmu da gida awa biyu ne. Lokacin da Inna ke idar da Azahar, mu mun fito daga La'asar. Ranar farko na dawo masauki da sauri, na zauna bakin gado, na kunna data. Shiru. Na kashe, na kunna. Na kashe wayar gaba ɗaya, na hura mata iska, na goge ta da gefen hijabi. Shiru. Na gwada sabis na otal ɗin, ya ce sai na ba shi lambar wayar ƙasar ya turo min wasu lambobi, ni kuwa na riga na yi wa lambar ƙasar girman kai. Agogo yana tafiya, ni kuma ba na ganin komai sai Inna a kan turmi, hannu ɗaya a katanga, ɗaya riƙe da waya.

Gwaggo Ladi ta ce, "To, Maman Hanifa, ina shirin? Ko a jirgi kika bar shi?"

Iya Abu ta ce, "Ki je wurin Malam mana."

In je wurin Malam? Bayan madalla? Na ce musu wayar ce ba ta saba da iskar ƙasar ba, gobe za ta warware. Allah ya yafe min, ranar na yi Magariba a masallacin Annabi, inda mutane ke kuka don shauƙi, ni ma ina kuka, amma rabin kukan na turmi ne.

Da gari ya waye na ɗaura ɗamara. Na ce wa kaina, sabis dai sabis ne. Halinsa ɗaya ko a Toranke ko a birnin Sin, ɓuya yake yi, nemansa ake. Wadda ta kamo shi a bayan rumbu ba za ta kasa a otal mai hawa goma ba. Bayan Azahar su Gwaggo suka kwanta, ni na fara farauta. Na fara da taga. Na hau gado. Na shiga banɗaki da addu'a na ɗaga waya kusa da fanka. Na fito na bi doguwar barandar hawa na uku daga wannan ƙarshe zuwa wancan, hannu a sama, ina tafiya sannu-sannu. Wata mata baƙuwa ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta ce "amin" ta rufe. Ta zaci addu'a nake.

A ƙarshe na tura wata ƙofa na samu matakalar bene, wadda ba mai bi saboda kowa lif yake shiga. Na hau rabi, daidai inda matakalar ke yin kwana zuwa hawa na huɗu. Na yi ɗage, na miƙa hannu iya ƙarfina.

Ƙit! Ƙit-ƙit-ƙit!

Saƙonni suka fara shigowa. Na sauke hannu in duba, suka tsaya. Na ɗaga, suka ci gaba. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Na ce, ɗan banza, ashe kai ne dai, ko a nan tudu kake so. Na duba gefe, ga wani bokitin roba shuɗi na masu goge-goge a lungu. Na kife shi, na yi Bismillah, na hau. Daidai. Kamar an auna da ni.

Na lura da wata alama a saman wayar, mai kama da mafici, ba sandunan nan da na saba gani ba. Na ce a raina, kowace ƙasa da irin zanen sabis ɗinta. (Ku riƙe wannan maficin, zai dawo.)

Bayan La'asar, ƙarfe huɗu daidai, ina kan bokiti. Ƙara ɗaya aka ɗaga.

"Umma! Umma ce! Inna, ga ta!"

Sai muryar Inna. "'Yar nan, kin isa?"

Muka yi ta sallama muna maimaitawa kamar waɗanda suka manta sauran Hausa. Hanifa ce ta tona, ta ce jiya Inna ta tsaya har inuwar rumbu ta kai bakin rijiya, ƙafarta na karkarwa, ta ƙi sauka. Babansu ya aiko cewa ayari ya sauka lafiya, Inna ta ce ita ba da shi ta yi alkawari ba. Na rantse a raina, ko me za a yi, tsohuwar nan ba za ta sake jira ba. Ko minti ɗaya.

Labari kuwa bai kwana ba. Na kai su Gwaggo, na riƙe musu bokiti suka hau. Gwaggo Ladi ta sauko tana cewa, "Kai, boko dai ya yi rana. Na janye maganata." Kafin kwana biyu matan hawa na uku duk sun sani. Bayan La'asar sai ka ga layi a matakala, kowa da bargo a kafaɗa da waya a hannu. Ni ce shugaba. Ni ke fara hawa saboda Inna, sannan in tsara saura, tsofaffi a gaba, a hau da ƙafar dama, ɗaya ta riƙe wa ɗaya. Har wa'azi nake musu.

"Shi sabis, haƙuri yake so da tudu. Mu a Toranke mun daɗe da saninsa."

Iya Abu ta saurari saƙonnin jikokinta kaf, har da na wanda bai iya magana ba, numfashi kawai yake yi a waya. Wata ta sauke bidiyon sunan da aka yi bayan tahowarta, muka kalla tun daga yankan rago har rabon waina. Gwaggo Ladi ta sa aka nuna mata akuyarta da ta haihu. Muna ta cewa, kai, mutanen Madina akwai karamci, sabis ma kyauta a lungu.

Ni kuwa kullum sai na tambaya, "Inna, kin tsaya da kyau? Hanifa na riƙe?"

Sai ta ce, "Lafiya lau nake, ke dai yi maganarki. Yau me kika gani?"

In ba ta labarin koriyar ƙubba, da manyan lemomin da ke buɗewa a harabar masallaci, da tattabaru, da yadda sanyi ke sa marmara ta zama kamar ƙanƙara a tafin ƙafa. Ta yi ta salati. Waɗannan mintunan, ko yanzu in na tuna, ba na nadamarsu. Abin da ke ƙarƙashinsu ne dai.

Rana ta huɗu muna cin abinci a babban ɗakin ƙasa, maza a gefe, mata a gefe, sai Malam ya yi gyaran murya ya ba da haƙuri. Ya ce bai samu ya turo tsarin tafiya Makka ba, domin datarsa ƙarewa take yi ba dalili. Ya saka da safe, kafin Magariba ta tafi. Sau uku ke nan. Ya faɗa yana murmushi, shi ba mai ƙorafi ba ne.

Tausayi ya kama ni. Bawan Allah yana ta ɗawainiya da mu, ga abin da ake masa. Har na yi niyyar in aika masa ta wurin Malama cewa akwai sabis kyauta a matakala, in bai damu da hawa bokiti ba. Kunya ce ta hana ni, kuma ita ce kunya ɗaya tilo da ta yi min amfani a tafiyar.

Gwaggo Ladi ta ajiye cokali ta ɗaga hannu. "Ko wane ne yake shanye wa Malam data, Allah ka tona asirinsa a bainar jama'a!"

Duk ɗakin ba wanda ya kai ni ƙarfin "Amin". Har da shafawa. A Madina fa. Garin da aka ce mana mu kula da abin da muke roƙo.

Washegari, ranarmu ta ƙarshe kafin mu wuce Makka, na fito daga La'asar na nufi matakala, su Gwaggo da wasu mata biyu a bayana. Na hau bokiti. Babu mafici. Na juya gabas, na juya yamma. Na yi ɗage har bokitin ya yi ƙara. Babu. Huɗu ta wuce da minti biyar.

Iya Abu ta ce, "Ko mun cinye shi ne?"

Na ce, "Ba ya ƙarewa. Matsawa ya yi. A gida ma yakan yi haka in an yi hadari."

Na sauko, na rungumi bokitin a hannun hagu, waya a dama, na ce su biyo ni. Muka hau hawa na huɗu, babu. Muka gangaro na biyu, babu. Minti goma sha biyar. A idona ina ganin gwiwar Inna tana karkarwa, ina ganin turmin yana gocewa, ina ganin Hanifa da 'yan hannuwanta. Na ce ko ƙarƙashin ƙasa ya shiga sai na tono shi. A hawa na ɗaya maficin ya ɗan leƙo, ɗigo ɗaya, ya ɓace.

"Yana ƙasa!"

Muka fito babban falon otal ɗin, inda ake karɓar baƙi. Wurin cike yake da jama'a, Larabawa, Turkawa, mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba, da akwatuna. Ni ban ga kowa ba. Idona na kan waya. In na yi dama maficin ya ragu, in na yi hagu ya ƙaru. Na bi shi taku-taku, mata huɗu a bayana cikin barguna kamar 'yan rakiyar amarya. Layi biyu. Layi uku. Ya cika taf! Ban taɓa ganinsa ya cika haka ba.

Mai hankali da ta tsaya nan ta yi kiranta a ƙasa. Amma ni shekara da shekaru na san ba a kira sai an hau. Na dire bokiti a kan shimfiɗar alfarma, na kife, na yi Bismillah da ƙarfi, na hau, Gwaggo Ladi ta riƙe. Na danna kira, na sa a sifika saboda hayaniya, na ɗaga sama.

"'Yar nan, yau kin makara," in ji Inna, muryarta ta cika falon.

"Inna, yi haƙuri! Sabis ɗin garin nan yawo yake kamar akuyar da ta tsinke! Tun daga hawa na huɗu nake bin sa, sai yanzu na ritsa shi!"

Sai na ji an yi gyaran murya a ƙarƙashina. Na san gyaran muryar.

Na sauke ido. Bokitina yana jingine da bayan wata doguwar kujera. A kan kujerar Malam ne zaune, da wasu dattawa biyu masu shirya motocin Makka, takardu a gabansu, duk sun ɗago suna kallona. Malam ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya dubi matan da ke bayana, kowacce ta zaro tata tana dannawa. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan abu baƙi, bai kai sabulun wanka ba, yana ƙyafta koriyar fitila.

"Maman Hanifa," ya ce a hankali, "sauko. Abin da kike bi ga shi nan, a aljihuna yake."

Ban gane ba. Ko in ce na gane, amma na ƙi yarda. Malama ta taso ta karɓi wayata, ta nuna min maficin. Ta ce wannan alamar wai-fai ce, ta ɗan akwatin Malam. Shi ta haɗa mana a Kano don ta tura takardu, wayoyinmu kuma suka riƙe shi. Da muka zo Malam ya sa masa layin ƙasar, yana barinsa a caji a ɗakinsu, hawa na huɗu, jikin matakala. Yau ne kawai ya sauko da shi saboda aikin motoci.

Wato bidiyon suna, da akuyar Gwaggo, da numfashin jikan Iya Abu, da koriyar ƙubbar da na yi ta siffantawa, duk a aljihun bawan Allah nan muka ci su. Ni na jagoranta. Ni na tsara layi.

Gwaggo Ladi ta saki bokitin ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Addu'ata! Tun ina yarinya nake addu'a, ban taɓa ganin wadda aka amsa da wuri irin wannan ba!"

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na rawa. Can gefe kuma ga wani ma'aikacin otal tsaye da sandar goge-goge, ya ƙura wa bokitin ido, irin kallon wanda ya ga ɗansa da ya ɓata kwana huɗu. Ni kuwa ina sama. Ban san hawa bokiti yana da sauƙi ba sai da na zo sauka a gaban mutum hamsin.

Kuma ban kashe kiran ba.

"'Yar nan, wa ke magana? Malaminku ne? Ba ni shi." Malama ta matsar da wayar. "Malam, ina wuni, ya ɗawainiya? A yi haƙuri da ita. Tun tana ƙarama haka take, in ta sa kai ko bango ne sai ta huda. Amma ba ta da mugunta."

Malam ya ce, "Wallahi Inna mun shaida."

Da na samu ƙasa na durƙusa daga gefe, fuska a cikin hijabi. Ba kallon mutane ne ya fi ƙona ni ba. Na zo neman gafara ne, ga shi tun kafin in sa harami na kwashi haƙƙin mutum, na kuma raba wa jama'a. Na ce, "Malam, don girman Allah ka yafe. Ni ce. Su ba su san komai ba, ni ma ban san komai ba, bambancin dai ni na ce na sani."

Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Da na san tsohuwa ake kira da ita, da da kaina zan miƙo. Amma Gwaggo, don Allah addu'a ta gaba a sanar da mu tukuna, mu shirya."

Malama ta ja ni gefe ta ce, ke da kika ce kin saka data tun daga gida? Ta shiga saiti, ta gangara, ta taɓa wani ɗan makunni. Taɓawa ɗaya. Sanduna suka miƙe reras. Datata tana nan cif, ko ƙwaya ba a taɓa ba, kwana biyar tana jira a buɗe mata ƙofa. Na tuna mai shagon Gaya da bakinsa a buɗe, da "na sani, na sani" ɗina. A Makka na yi masa addu'a ta musamman.

Sauran kwanakin a zaune na riƙa kiran Inna, ƙarfe huɗu daidai, su Gwaggo kuma suka yi ta kira da tawa kamar yadda na yi alkawari tun farko. Sai dai sunan ya bi ni. Har muka dawo ba mai ce min Maman Hanifa. Hajiya Bokiti. Yanzu haka in muka haɗu da Gwaggo Ladi a kasuwar Ajingi, daga nesa take ɗaga hannu sama kamar mai neman sabis.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In mutum ya fara min bayani yanzu, ina rufe baki har ya kai aya, ko da bayanin dafa ruwa ne. In na samu abu kyauta a lungu, ina tambayar aljihun wa ya fito. Kuma ba na cewa amin da ƙarfi sai na bincika ko ina cikin waɗanda ake nema.

Na ɗauka karatun ya ƙare a nan, sai da na je Toranke ɗaukar yara. Bayan an sha zamzam an ci dabino, an yi koke-koken murna, na zagaya bayan rumbu don in ga wurin da Inna ta yi ta tsayuwa saboda ni. Babu turmi. Yana can bakin madafa ana daka a cikinsa. A kusurwar tabarma ce shimfiɗe da matashi. Can sama a jikin katanga an kafa ƙusa, an rataye wata tsohuwar safar makaranta, wayar na ciki, kanta ya leƙo.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Aikin 'yarki ne. Tun ranar da na tsaya ba ki kira ba, ta ce ba zan ƙara hawa ba. Ta hau ta kafa, in kin kira ta zungura da kara ta sa a sifika, ni ina zaune ina jan carbi."

"Wato duk tseren da nake yi a matakala, kina kishingiɗe? Me ya hana ki faɗa min?"

Inna ta gyara ɗaurin kallabi, ko kunya babu. "In na faɗa miki ai da kin riƙa makara."

Na juya wurin Hanifa. Tana tsaye tana tsotsar ƙwallon dabino, tana kallona da tausayi, irin kallon da ni na saba yi wa mutane a wannan kusurwar. Na ce mata shekara nawa muna hawa turmin nan, gida da maƙwabta, ya aka yi ta yi wannan tunanin?

Ta cire ƙwallon daga baki ta ce, "Umma, ai wayar ce take son tudu. Ke me kike hawa yi?"